Kakar da Ta Ƙi Karɓar Yaye

Maza ba su dawo daga maƙabarta ba aka fara dariya a gidanmu.

Na Allah muke, wurinsa kuma za mu koma. Na san haka, na kuma faɗa da bakina ranar da Iya ta cika. Iya kakata ce, mahaifiyar Baba. Ta rasu da hantsi, ana tsakiyar ɗiban tumatur, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Maza suka ɗauki makara suka bi bakin kanal da ita, mata suka cika tsakar gida har gindin turmi. Ni aka sa zagayawa da ruwan sha, don an san ba na magana. Wanda ba ya magana kuwa, mantawa ake yi yana da kunne.

Maƙwabciyarmu ta bayan katanga, wadda ta taya wankan gawa, ita ce ta fito daga ɗakin Iya da mayafi a hannu. Ta ɗaga shi sama kamar mai talla. Duk mayafan Iya haka suke: kusurwa uku lafiya lau, ta huɗun ta koɗe, ta yi laushi, zarenta ya tsattsage.

"Ku duba min ikon Allah," in ji ta. "Har ta cika wannan yana bakinta. Da ƙyar muka zare shi."

"Allah sarki. Jaririya mai furfura."

"To, yau dai an yaye ta."

Wadda ta faɗi wannan ta toshe baki da hijabi, kafaɗunta suna rawa. Dariyar ta bi layi har bakin zaure. Sai ga baƙi sun yi sallama, nan take kowa ta gyara fuska. Ya haƙuri? Da godiya. Allah ya jiƙan rai. Amin, amin. Baƙin suna zama aka ɗora daga inda aka tsaya. Wata ta ce ita tunda take ba ta taɓa ganin tsohuwar da ba ta cin goro ba sai Iya. Wata ta ce goro ai mai sauƙi ne, ina aka taɓa ganin kakar da za a kawo mata jika yaye ta mayar da shi? "Ba ta da son jikoki, Allah ya yafe mata." Da bakin da suka ci wainar gidanmu suka faɗi haka, ina tsaye a kansu da kofi.

Ƙanina, Auta, yana kan cinyar Umma a lokacin, ya cusa kai cikin hijabinta yana shan nono, ƙafarsa ɗaya tana lilo a waje. Ya kusa shekara biyu. Gwaggo, yayar Baba, wadda ke aure a Garun Malam, ta dube shi ta tofar da tukar goro.

"Wannan ƙaton har yanzu? Ranar bakwai da shi zan koma. A yaye shi a huta."

Umma ta ce, a hankali, "Gwaggon yara, ai Iya ta ce..."

"Na san abin da ta ce. Cewa ta yi sai bayan ranta. To, ga bayan ranta."

Ƙasar kabarin ko bushewa ba ta yi ba. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan. Idan aka bar wa matan nan labarin Iya, abin da zai rage shi ne tsohuwa mai tsotson mayafi.

Gaskiya ne tana tsotsa. Ba zan ɓoye ba. Idan tana tsince shinkafa, ko tana sauraron rediyo, ko an yi baƙi ta rasa abin cewa, sai ka ga hannunta na hagu ya lalubo bakin mayafi ya kai baki, ita ba ta ma sani ba. Ba taunawa take yi ba, tsotsa ce, kumatunta suna shiga suna fita a hankali. In ta lura ana kallonta sai ta cire ta ce, "Me aka yi? Na ci na wani ne?"

Gaskiya ne kuma ba ta cin goro. Gauta ma ba ta ci, miyar shuwaka ba ta shiga bakinta. Idan an kawo goron suna, karɓa take yi da gefen zane ta miƙa wa na kusa. Ƙwayar magani kuwa sai an tura ta cikin mazarƙwaila, shi ma sai an yi faɗa. A ƙarƙashin katifarta akwai alawa kullum, kuma ba ta bayarwa. Ni da take ji da ni, in na roƙa sai ta ce, "Je ki uwarki ta saya miki." Ba waliyyiya ba ce. Bakinta yana da kaifi, kuma ba ta iya rabuwa da mutum lafiya ba. Duk ranar da Baba zai shiga Kano sayen taki, tun da safe za ta nemi abin faɗa da shi, ko a kan buta ne, don ya fita tana fushi. Ba ta taɓa raka baƙo ko bakin zaure ba. "In za ki tafi, tafi," haka take cewa. "Kar ki tsaya kina yi min sai an jima."

Kurma take kirana, saboda shiruna. Wata rana muna gadin shanyar shanshera, shinkafar da Umma ta turara aka baza a tamfol, muna korar kaji, ta ce min, ba tare da na tambaye ta ba:

"Ke Kurma, kin san abin da na fara sani a duniya? Ɗaci."

Sai ta ci gaba.

"An ce ranar kasuwa ce. An ce a jaki aka ɗora ni, lokacin ko kanal ɗin nan ba a haƙa ba. Wannan duk an ce ne. Wanda ba a ce min ba, ni na riƙe abina, shi ne na kama nonon uwata kamar kullum, sai na ji ɗaci har cikin kunnena. Na ɗaga kai na dube ta. Ita kuma bango take kallo."

Ban sani ba ko ɗan shekara biyu yana iya riƙe abu haka. Wataƙila labarin da aka yi ta ba ta ne ya zauna mata kamar ta gani. Amma harshenta dai ya riƙe, shekara saba'in da wani abu.

Iya 'yar fari ce, kuma a zamaninsu 'yar fari ba ta uwarta ba ce. Daga wani ƙauye na wajen Bunkure aka kawo ta nan gefen Kura wurin kakarta, da sunan yaye, ba a kuma mayar da ita ba. Uwar ba mutuwa ta yi ba, ba kuma nisa ta yi ba. Tana zuwa biki, tana zuwa suna. Za ta gaida kowa har akuyar gida, ban da 'yarta. In dole ta kama ta ambace ta, sai ta ce "waccan". Kunya ke nan, aka ce, kuma yabonta ake yi a kai. Iya ta ce akwai ranar da ta bi uwar a baya har bayan gari, tana 'yar ƙarama, bin ta kawai take yi. Da uwar ta ji takunta sai ta ƙara sauri.

"Har ta mutu ban ji sunana a bakinta ba," in ji Iya. Sai ta jefi wata kaza da tsakuwa, ta same ta kuwa.

Ni ma 'yar fari ce. Ina ƙarama Umma ba ta kiran sunana, sai "ke", sai "yarinyar nan". Wata rana ta ce, "Ke, miƙo min matankaɗi." Iya tana daga ƙofar ɗakinta ta ce:

"Wace ce ke? Tunkiya ce?"

"Iya, ai da kunya."

"Kunyar me? Ranar da kika durƙusa haihuwarta kin ji kunya? Ni na yanke cibiyar, ban ga kunya a wurin ba. Faɗi sunanta in ji."

Umma ta yi dariya, ta sunkuyar da kai, ta ce za ta duba tukunya. Iya ta ce tukunyar ta ƙone. Sai da Umma ta faɗa. Can ƙasa-ƙasa ta faɗe shi, kamar ta ɗauki garwashi. Ni kuwa na ruga bayan ɗaki na ɓuya, ban san dalili ba. Tun daga ranar tana kirana da sunana, in dai ba baƙi. Wannan ce matar da aka ce ba ta son jikoki.

Maƙwabciyar da ta ɗaga mayafi kuwa, na san abin da ke cinta. Shekarun baya ta daka ganyen darbejiya za ta shafa wa surukarta a nono, a yaye jikanta. Warin ya tsallako katanga. Iya ta miƙe, ko takalmi ba ta sa ba, ta shiga gidan ba sallama, ta kifar da turmin da ƙafa. Koren ruwan ya bi rariya. Aka yi ta zage-zage har maza suka shigo. Maƙwabciya ta ce jikanta ne, Iya ta ce ai ba jikan ne ya ce a haife shi ba. Damina guda ba su gaisa ba. Yaron dai an yaye shi washegari da wani ganyen. Iya ba ta hana komai ba, baƙin jini kawai ta saya.

Ita nata yayen daban ne. A ƙara wa yaro kunun gyaɗa, a rage masa nonon rana, a bar masa na barci, uwar tana nan yana ganinta. In aka ce mata ana ɓata lokaci sai ta ce, "Tumatur ɗin da aka tsinka ɗanye yana yin ja a kwando kafin a kai shi Kudu. Amma ɗanɗana ki ji."

Ranar sadakar uku muna wanke kwanuka a bayan gida ni da Anti, 'yar Gwaggo, wadda ke karatu a kwalejin horon malamai. Ta dubi hagu da dama ta ce:

"Kin san abin Iya yana da suna a littafi?"

Na ɗago kai.

"A darasin ilimin halayyar ɗan Adam aka koya mana. Maƙalewa. Wai yaro hawa-hawa yake girma. A hawan farko duk daɗin duniyarsa a baki yake, nono ne abincinsa, shi ne kwanciyar hankalinsa. Daga nan ya wuce hawa na gaba, da na gaba. To idan aka fizge shi daga wani hawa da ƙarfi, ko kuma aka bar shi a ciki ya wuce kima, sai wani yanki na ransa ya tsaya a nan. Jiki ya girma, a yi aure, a yi jikoki, amma yankin nan yana inda aka bar shi. Da abu ya matsa wa mutum, can yake komawa. Wallahi da lakcara yana bayani, Iya kawai nake gani."

Da farko haushi na ji. Kwana uku da binne mutum an mayar da ita misalin jarrabawa. Amma ina cuɗa kwano ina tuna yadda Baba ke ban ruwa. Fangali ɗaya yake buɗewa, in ya sha ya toshe, ya buɗe na gaba. In ƙasa ta zube ta tare hanya bai lura ba, ruwan sai ya kwanta a na farko har saiwa ta ruɓe, na gaba kuma su samu ɗan abin da ya tsallake. Daga bakin hanya gona ɗaya ce, kore shar. Sai ka shiga ciki.

Na ce, "Anti, kin ce ko an bar shi ya wuce kima?"

"E."

"To Gwaggo fa?"

Ta watsa min ruwan kumfa. "Ke, rufa min asiri! Ashe bakinki yana aiki."

Dole in faɗi wannan, ko da ina fushi da Gwaggo. Ita ce 'yar farin Iya, kuma duk abin da aka hana Iya, a kanta ta juye shi. Ta ƙi ba da ita yaye. Tana kiran sunanta a tsakiyar kasuwa. Ta shayar da ita har ta yi wayo. Da Gwaggo ta haifi Anti ta kawo ta yaye, kamar yadda kowace 'ya ke kai wa uwarta, Iya ta sa aka mayar da su a motar da ta kawo su, a gaban dangin mijinta. Gwaggo ba ta manta ba. Na ji ta da kunnena a ɗakin Iya, ranar da ake raba kaya, tana gaya wa Baba, goro cike da kumatunta:

"Kai ba ka san komai ba, kai namiji ne. Ni na san abin da na sha. Ina da haƙora cike da baki, ina wasan gaɗa da sa'o'ina, a leƙo a ce in zo in sha nono. Har ranar kamuna sai da ƙawaye suka yi min waƙa da shi. Ita an yi mata ciwo, sai ta ɗaure ni a kan ciwon. Ba za a yi wa yaron nan haka ba ina raye."

Baba ya ce, "To, Yaya."

Na gane ciwon Gwaggo. Abin da ban gane ba, har yanzu, shi ne me Auta ya yi. Mace ɗaya an fizge ta, ɗaya an riƙe ta, su biyun sun yi shekara hamsin suna jan igiya, yanzu ɗaya ta saki, sai yaron da ko "ruwa" bai iya faɗa daidai ba ne zai faɗi ƙasa?

Na ce wa Anti ta gaya wa uwarta abin da ke cikin littafin. Ta zaro ido.

"Ni? Ki ce dai kina so a daina biya min kuɗin mota. Kuma fa, lakcaran ma cewa ya yi hasashe ne, masana da yawa ba su yarda da shi ba. Yara nawa aka yaye da maɗaci a garin nan suka zama mutane? Ba kowa ke zama Iya ba."

Gaskiyarta. Ba kowa ba. Sai dai babu wanda ya san wane ne zai zama, sai bayan an gama.

Na je wurin Umma tana hura wuta a ƙarƙashin duron turara, don 'yan kasuwa ba su san makoki ba, sun aiko a kan shinkafarsu. Na tsaya kusa da ita na daɗe. Ta ce, "Na san abin da ya kawo ki. Me kike so in yi? Da Iya ce ke tare min. Kuma ki dube ni, na gaji. Goyo a baya, wuta a gaba." Ba ta kalle ni ba, hayaƙi ta ce ya shiga idonta.

Na kai wa Baba abinci gona, don ranar da ake sakar wa layinsu ruwan kanal ce, dole ya bar tabarmar makoki. Yana tsaye cikin taɓo da fartanya. Ban saba fara yi masa magana ba. Sai da ya wanke hannu a kanal na ce:

"Baba, da gaske za a tafi da Auta?"

"Maganar mata ce."

"Iya ta ce..."

"Iya ta rasu," in ji shi. Ya buɗe kwano, ya rufe, bai ci ba.

Ranar bakwai aka yi addu'a da safe, aka raba gumba. Kafin azahar Gwaggo ta kwance wani ƙullin leda daga bakin zaninta. Garin maɗaci ne. Tun daga Garun Malam ta taho da shi, wato tun ranar da aka aika mata uwarta ta rasu ta tsaya ta neme shi ta ƙulla. Ta kwaɓa a murfin kwano, ta ja Umma ɗaki. Da suka fito Umma ta zauna a kan tabarma, mata sun kewaye ta kamar za a ga wasa.

Auta yana bin wata 'yar akuya. Gwaggo ta ce, "Kira shi."

Umma ta kira shi. Da gudu ya zo, yana dariya, ya faɗa jikinta, ya ɗaga rigar da kansa kamar yadda ya saba.

Ina tsaye a jikin randa, na ga komai. Ya kama, ya ja sau ɗaya. Ya saki. Bai yi kuka nan da nan ba. Ya buɗe baki, miyau yana zuba, ya sa hannu yana goge harshensa. Sai ya koma ɗaya nonon, don a saninsa wurin nan bai taɓa cutarsa ba. Shi ma ya saki. Sannan ya ɗaga kai ya dubi Umma.

Mata suka kwashe da dariya. "Ya ji maza!" "Ango, yaya dai? Miyar ta yi gishiri?" Maƙwabciya har da tafa hannu.

Na so in fasa randar nan. Na so in ɗebi kwaɓin in bi su ɗaya bayan ɗaya in shafa musu a harshe, in ga wadda za ta yi dariya. A tsakar gidan Iya, a kan tabarmar makokinta, da gumbar sadakarta a hannunsu. Ba su jira ko arba'in ba. Kamar dama duk shekarun nan ba haƙuri suke yi da ita ba, layi suka kama.

Gwaggo ta saɓa shi a baya yana ta miƙa, ta ɗaure da majanyi tamau. Anti, mai littafi, ita ta ɗauki ledar kayansa. Aka ce Umma ta shiga ɗaki kar ya gan ta, ta shiga. Baba yana waje wurin maza, ya ji kukan ya wuce ta gabansa har bakin titi, ya ci gaba da amsa gaisuwa.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya yi shiru irin wanda ko mutuwar Iya ba ta kawo ba. Nonon Umma ya kumbura ya yi tauri, ta ɗaure ƙirji da tsohon zane. Tana juya shinkafa a duro, tururi yana dukanta, gaban rigarta yana jiƙewa, ta juya baya kar in gani. In ta ji kukan yaro a maƙwabta sai ta tsaya cak da muciya a hannu. Na koma makaranta, malamar lissafi ta yi min ta'aziyya, ta ce in yi haƙuri, tsohuwa ai ta huta. Na ce na gode.

Anti ce ta kira wayar Baba. A nan ta wanke kanta a wurina. Ina gonar na kai abinci, na ji muryarta tana fita daga wayar.

"Kawu, ka yi haƙuri, kar ka ce ni na faɗa. Yaron nan ba ya cin komai. Kunu ma sai an danne shi an ɗura. Ya daina kukan ma. Bayan ƙofa yake zama."

Baba ya daɗe da wayar a kunne bayan ta katse. Ruwan layinsu ne ranar, kuma wanda ya bar ruwansa ya wuce sai wani zagayen, tumatur kuwa yana tsaka da nuna. Ya jefar da fartanya a kan kunya, ya ce min, "Toshe wancan," ya hau babur da taɓo har gwiwa. Ban san abin da suka yi da Gwaggo ba. Har yau ba ta kira shi ba, shi ma bai kira ta ba.

La'asar sakaliya ya dawo da Auta a gabansa, ya ɗaure shi a jikinsa da rawani. Yaron ya faɗa, idonsa ya yi zuru-zuru. Umma ta fito da gudu, ɗankwalinta ya faɗi ba ta tsaya ɗauka ba. Ta durƙusa ta miƙa hannu biyu.

Auta ya dube ta. Sai ya mayar da hannayensa baya, ya juya fuska, ya kama wandon Baba.

Maƙwabciya ta leƙo ta katanga. "Ma sha Allah, ya yayu! Kun gani ko? Ya yi hankali, ko kallon nonon bai yi ba."

Ba hankali ba ne. Ina wurin. Ba nonon ya ƙi kallo ba.

Umma ta tashi ta janye itacen da ke ƙarƙashin duro, ta yayyafa masa ruwa, shinkafar mutane ko rabin turaruwa ba ta yi ba. Ta dawo ta zauna a ƙasa, nesa da shi kaɗan. Bai je ba ranar. Washegari ma bai je ba. A hannuna yake cin abinci, a bayan Baba yake barci. Nonon kuma ya riga ya ƙafe, ko da ya nema babu.

Allah ya jiƙan Iya. Ya yafe mata kaifin bakinta da turmin mutane da ta kifar, ya yalwata mata makwanci, ya shayar da ita abin da babu ɗaci a cikinsa. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da kyau. An ce mai makoki ya yafe wa kowa don mamaci ya samu sauƙi. Ina ƙoƙari. Ban kai ba tukuna.

Jiya da yamma Umma tana zaune a ƙasa tana tsinkar zogale. Auta ya yi ta kewaya tsakar gida da murfin galan, kamar ba wurinta za shi ba. Can ya zo ya zauna a bayanta, ya ba ta baya. Sai ya jingina kaɗan, kafaɗarsa a jikin ƙugunta. Hannun Umma ya tsaya a cikin tire. Ba ta juya ba, ba ta taɓa shi ba, ko numfashi mai ƙarfi ba ta yi ba. Aka kira magariba. Baba ya yi alwala ya fita. Na yi tawa sallar na fito, suna nan yadda na bar su, sauro yana cizon ƙafarta ba ta kore ba.

Na matsa kusa na ce a hankali, "Umma, lokaci yana wucewa. In ɗauke shi?"

"Kar ki taɓa shi," in ji ta. "Zan yi sallar. Sai ya tashi da kansa."